Ciro kwasetin daga ɓawon albasa da polima mai gurbi: nazarin aiki ɗaya

Busasshen ɓawon albasa, wanda masana'antun sarrafa abinci ke zubarwa tuli-tuli, ya fi naman albasar yawan kwasetin nesa ba kusa ba. Ja da mai ruwan ƙasa su ne masu shi da yawa, fara kuwa ba ta da wani abin a zo a gani. Kwasetin sinadari ne rawaya daga dangin filabonoyid, mol ɗaya nasa giram 302.24 ne, yana ɗauke da rukunin haidiroksil biyar, kuma masu binciken magunguna da na abinci suna nemansa. Tatso shi daga ɓawo ba wani aiki ba ne, etanol da ruwa sun wadatar. Inda gizo ke saƙa shi ne raba shi da sauran abubuwan da suka biyo shi.

Lamarin da za a bi a nan na ɗakin gwaji ne mai giram 100 na garin ɓawo, wanda ke son kwasetin tsantsa, yake kuma tambayar ko polima mai gurbi, wato daskararren abu mai kama da roba da aka gina da gurabe masu siffar sinadarin da ake nema, za ta iya ɗaukar aikin. Ma'aunan haɗin na cikin waɗanda aka saba da su a wannan fanni. Sauran lambobin lissafi ne da mai karatu zai iya maimaitawa da kansa.

Abin da ke cikin ruwan ɓawo

Kwasetin yana zuwa da fuska uku. Akwai zallarsa marar sukari, wanda ya fi yawa a busasshen ɓawon waje. Akwai mai gulukos ɗaya a matsayi na 4′, nauyinsa 464, da mai gulukos biyu a matsayi na 3 da na 4′, nauyinsa 626, wanda ya fi yawa a naman ciki. Sai 'yan uwansa na jini, kaɗan-kaɗan: kamferol, wanda haidiroksil ɗaya kawai ya rasa, da isoramnetin, wanda rukunin metil ya rufe masa haidiroksil ɗaya. Bayan su akwai asid ɗin furotokatekuwik, ƙaramin sinadari da ke samuwa idan kwasetin ya lalace a iska yayin da ɓawo ke bushewa, da kaki, da launuka masu duhu, da antosayanin idan albasar ja ce. A cikin duk waɗannan, ƙaramin asid ɗin nan ne zai fi ba da wahala, za a kuma ga dalili.

Yadda gurbin yake samuwa

Ana zuba sinadarin da ake nema, wato samfuri, cikin ruwan narkarwa tare da ƙananan ƙwayoyin monoma, wato tubalan da ake gina polima da su, masu iya kama shi. Sai a ƙara wata monoma mai hannu biyu da ke ɗaure sarƙoƙi da juna, a kunna haɗuwa, komai ya daskare da samfurin a ciki. Idan aka wanke samfurin ya fita, sai ya bar gurbi mai siffarsa, da ƙwayoyin da suka kama shi a tsaye daidai inda suke, kamar kuben da aka ɗinka a jikin wuƙar da za ta zauna cikinsa. Tunanin ba sabo ba ne. Daga cikin masana kimiyya, Polyakov ya ga alamarsa a silika a 1931, Dickey ya gwada shi da rini a 1949, Wulff ya kawo shi cikin polima a 1972, sannan Mosbach da abokan aikinsa a Suwidin suka yaɗa hanyar da ba ta buƙatar ɗaurin dindindin tsakanin samfuri da monoma. A 1994 Sellergren ya cusa irin wannan polima a bututun tacewa don ciro sinadari guda daga cakuɗe. Wannan hanyar ce ɗakin gwajin namu zai bi.

Gurbi daban ne, rami daban. Gurbi bai fi girman ƙwayar kwasetin ba, nanomita ɗaya da 'yan kai. Ramuka kuwa hanyoyi ne da ruwa ke bi ya isa gurbin, kuma waɗanda suka fi amfani su ne masu faɗin nanomita 2 zuwa 50. Gurbin da babu ramin da ke kai wa gare shi, da shi da babu duk ɗaya.

Haɗin, da dalilin kowane awo

Rabon shi ne 1 da 8 da 40. Kwasetin milimol 1, wato miligiram 302. Monoma mai kamawa ita ce 4-binilfiridin, a taƙaice 4-VP, milimol 8, wato giram 0.84 ko kusan mililita 0.86. Mai ɗaurewa EGDMA ce, milimol 40, giram 7.93, kusan mililita 7.5. Ruwan narkarwa busasshen asiton ne, mililita 15. Mai kunna haɗuwar AIBN ne, kusan miligiram 150, wanda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na ɗaurin da za a buɗe.

A duba kwalbar kwasetin kafin a auna. Yawancin wanda ake sayarwa yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa biyu, nauyinsa 338.27. Wanda ya auna miligiram 302 nasa, milimol 0.89 kawai ya zuba, ya kuma shigar da ruwa cikin haɗin da ba ya son ruwa ko kaɗan.

An zaɓi 4-VP ne a kan asid ɗin metakirilik, wanda ya fi kowace monoma farin jini a fannin, saboda haidiroksil ɗin kwasetin masu ɗan tsami ne, suna neman inda za su miƙa haidurojin, naitirojin ɗin firidin kuma yana karɓa. Zoben firidin yana iya kwanciya a kan zoben kwasetin, ƙarin riƙo ke nan. Daga haidiroksil biyar ɗin, na matsayi na 5 ya riga ya ɗaure da kabonil ɗin da ke maƙwabtaka da shi, saura huɗu ke nan a fili. To me ya sa aka zuba takwas? Domin riƙon ba shi da ƙarfi, sai an yawaita monoma kafin yawancin kwasetin ya samu masu kama shi. Amma wannan rarar tana da kuɗinta: firidin ɗin da bai kama komai ba zai daskare barkatai a jikin polima, ya zama maƙale ga duk wani abu mai tsami da ya gifta. Rabin matsalolin da za su biyo baya daga nan suka samo asali.

Asiton ma zaɓin dole ne. Ɗaurin haidurojin ya fi ƙarfi a kulorofom ko toluwin, amma kwasetin ba ya narkewa a cikinsu. A asitonaitiril yana narkewa kaɗan ne ƙwarai. Asiton yana narkar da shi, sai dai shi ma yana karɓar haidurojin, yana takara da firidin. Aikinsa na biyu shi ne buɗe ramuka: yayin da sarƙoƙi ke girma suna rabuwa da ruwan, wuraren da asiton ya zauna su ne ke zama ramuka bayan ya bushe. Idan aka rage shi sosai, sai a samu dunƙule mai kama da gilashi wanda ruwa ba ya ratsawa.

Tsarin aikin shi ne a fara cire sinadarin hana daskarewa da masu sayarwa ke zubawa a 4-VP da EGDMA, ta hanyar bi da kowannensu ta gajeren bututu mai alumina. A narkar da kwasetin a asiton, a zuba 4-VP, a bar su kamar awa ɗaya a duhu su kama juna, sannan a ƙara EGDMA da AIBN. A busa naitirojin a ciki minti goma, da bututun a cikin ƙanƙara don kada asiton ya ƙafe. A toshe, a sa a ruwa mai zafin digiri 60 na Salshiyos tsawon awa 24. Asiton yana tafasa a digiri 56, AIBN kuma yana sakin iskar naitirojin, don haka bututun ya zama mai kaurin gilashi, kada a cika shi fiye da rabi, a kuma ajiye shi bayan kariya. A gefe a haɗa wata polimar da komai iri ɗaya, ban da kwasetin. Ita ce marar gurbi, da ita za a auna ta farko.

Nan akwai abin da kwasetin ya bambanta da yawancin samfura. Abin da ya sa ake nemansa tun farko shi ne yana kashe radikal, wato ƙwayoyin sinadari masu saurin afka wa wasu, haɗuwar polima kuwa da radikal take tafiya. Wato samfurin yana taka wa ginin nasa birki. Alamarsa ita ce marar gurbi ta riga mai gurbi daskarewa, ko mai gurbin ta fito da laushi. Idan hakan ta faru, a ƙara AIBN kaɗan, a tsawaita busa naitirojin, ko a ɗaga zafin zuwa digiri 70 na wasu awanni bayan ta riga ta daskare. Wani zai ce a kunna da hasken UV a sanyi, tunda sanyi yana ƙarfafa ɗaurin haidurojin. Ga wasu samfuran shawara ce mai kyau. Ga kwasetin ba ta ci, domin fitilar da aka saba amfani da ita tana haske a nanomita 365, shi kuma yana shanye haske a wajen 370. Gefen bututu zai daskare, tsakiya ta zauna ruwa.

Niƙa, tankaɗe da wanki

A fasa bututun, a daka dunƙulen a turmi, a tankaɗe a ɗebi ƙwayoyi masu girman maikromita 38 zuwa 63. Ƙurar da ta maƙale a jikinsu ana cire ta da asiton: a kaɗa, a bari manyan su kwanta, a tsiyaye ruwan da ya yi fari-fari, a maimaita har ya fito garau. Ƙurar nan idan aka bar ta toshe matatar bututu take yi, ko ta ratsa ta shiga cikin abin da aka tara. Ba abin mamaki ba ne rabin polimar ya salwanta a wannan mataki. Daga giram 8.8, a sa rai da kamar 4.

Wankin samfuri ana yinsa a na'urar Soxhlet, mai maimaita wanki da ruwan narkarwa mai zafi, da metanol da asid ɗin asetik, tara da ɗaya, awa 24 zuwa 48, sannan metanol zalla don korar asid ɗin, sai a busar a digiri 40 zuwa 50 a tanda mai zuƙe iska. Kada a yi amfani da ruwan alkali don saurin fitar da launi. Kwasetin yana lalacewa nan take a alkali, ya koma launuka masu duhu da suka fi shi wuyar fita. Ko bayan wanki mai kyau polimar tana iya zama da ɗan rawaya, domin wani kwasetin ya kulle a inda ruwa ba ya kai wa, wani kuma ya haɗu da sarƙar kanta lokacin da yake kashe radikal.

Lissafin da ya kamata a yi tun kafin a sayi komai

Milimol 1 a cikin giram 8.8 na nufin ko da kowace ƙwayar kwasetin ta bar gurbi nagari, ba za a wuce maikromol 114 a giram ɗaya ba, wato miligiram 34. Wannan shi ne rufin ɗaki. A zahiri, a wannan hanya ta riƙo mai rauni, guraben da ke da ƙarfi da zaɓi ƙaramin kaso ne, an fi kiyasta su a wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ke nan miligiram 3 zuwa 5 a kowane giram. Bututu mai miligiram 200 na polima zai riƙe miligiram 0.7 zuwa 1 ta hanyar gurbi.

Saboda haka idan aka ga polima irin wannan ta shanye miligiram 60 a giram, ba abin murna ba ne. Lambar ta haura rufin ɗakin, abin da ya shiga ya manne ne a bango da rarar firidin, kuma kowane fenol zai manne haka.

Shirya ruwan ɓawo

A busar da ɓawo a ƙasa da digiri 50 nesa da hasken rana, a niƙa, a wanke garin da heksan don cire kaki. A jiƙa da etanol mai ƙarfin kashi 70, mililita 20 ga kowane giram, a digiri 50 zuwa 60 na awa ɗaya, a tace, a maimaita sau ɗaya. A ƙafar da etanol ɗin a na'ura mai juyawa, zafin bai wuce digiri 45 ba. A guji tukunyar ƙarfe ko alminiyam, domin kwasetin yana kama ƙarfe ya canza launi.

Idan ana son kwasetin ɗin da ke ɗaure da sukari ma ya shigo lissafi, a dafa da asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mola 1.2 a metanol rabi da ruwa, digiri 80 zuwa 90, kamar awa biyu, da ɗan asid ɗin askobik don kare shi daga iska. Amma wannan ruwan bai dace ya taɓa polima ba. Asid mai ƙarfi yana ɗora furoton a kan naitirojin ɗin firidin, sai gurbin ya daina karɓar haidurojin gaba ɗaya. A kwashe kwasetin cikin etil asitet tukuna.

A nan ne kuma ake rabuwa da asid ɗin furotokatekuwik cikin sauƙi. Lambar pKa tasa, wato ma'aunin da ke raguwa idan tsamin sinadari ya ƙaru, wajen 4.5 ce, ta kwasetin ta farko kuwa tana kusa da 7. Idan aka girgiza etil asitet ɗin da ruwan fosfet mai pH 6 sau biyu, asid ɗin zai koma cikin ruwa, kwasetin ya tsaya. Minti goma ne aikin, amma wanda ya tsallake shi zai tarar da asid ɗin ya mamaye firidin kafin kwasetin ya samu wuri. Bayan haka a busar da etil asitet da gishirin sodiyam salfet marar ruwa, a ƙafar, a narkar da abin da ya rage a asitonaitiril, kada ya wuce miligiram 0.25 a mililita, a tace.

Bututun tacewa, da matakin da ya fi kowanne

A cusa miligiram 200 na polima a bututu mai cin mililita 3, tsakanin matatai biyu na foliyetilin. A yi biyu, mai gurbi da marar gurbi, a tafiyar da su kafaɗa da kafaɗa. A wanke kowanne da mililita 5 na metanol da asetik, 5 na metanol, 5 na asitonaitiril. Daga nan kada a bari ya bushe. Polimar tana kumbura a wani ruwan ta tsuke a wani, idan ta bushe ta tsage sai ruwa ya samu gajeriyar hanya ya wuce ba tare da ya shiga ramuka ba.

A ɗora mililita 2 na ruwan ɓawo, wato rabin miligiram, a hankali, kamar rabin mililita a minti. Shiga gurbi yana ɗaukar lokaci.

A wannan gaɓa duka bututan biyu za su yi rawaya a sama, domin firidin yana kama kwasetin ko da gurbi ko babu. Wanda ya zuba metanol da asid yanzu zai samu kwasetin daga duka biyun, tare da duk fenol ɗin da ke cikin ɓawo, kuma bai raba komai ba. Rabuwar tana faruwa ne a wankin tsakiya. Ana neman ruwan da ƙarfinsa ya isa ya kwance riƙon hannu ɗaya na bango, amma bai isa ya kwance riƙon hannu uku ko huɗu na cikin gurbi ba. Ba a iya sanin wannan ruwan daga littafi, domin ya danganta da polimar da aka haɗa. Ana nemo shi ne da kwasetin tsantsa kafin a taɓa ruwan ɓawo: a ɗora adadi sananne a bututan biyu, a bi su da asitonaitiril mai metanol kashi 0, sannan 1, 2, 5 da 10, mililita ɗaya-ɗaya, a tara kowane kaso daban a auna. Ruwan da ya dace shi ne wanda ya kore yawancin kwasetin daga marar gurbi alhali mai gurbi tana riƙe da nata. Tazarar takan zama siririya. Idan babu ta sam, wato duka biyun suna saki a lokaci guda, to gurbin bai samu ba, a koma kan haɗi maimakon a ci gaba da wasa da ruwan wanki.

Ruwa kaɗan a cikin asitonaitiril yana iya rufe wannan tazara. Kwalbar da aka daɗe da buɗewa ta sha danshi, kuma sau da yawa ita ce dalilin da aikin da ya yi kyau a wannan mako ya ƙi a na gaba.

Da an samu ruwan wanki, a yi amfani da mililita 3 nasa, sannan a fitar da kwasetin da mililita 5 na metanol da asetik, tara da ɗaya.

Inda awo ke yaudara

Ana auna kowane kaso da HPLC, na'urar da ke raba sinadarai ta nuna kowanne a matsayin tsauni a hoto, a kolum ɗin C18, da ruwa mai ɗan asid ɗin fomik da asitonaitiril. Asid ɗin furotokatekuwik ne ke fara fitowa, sai mai sukari biyu, mai sukari ɗaya, kwasetin, sannan kamferol da isoramnetin dab da juna. Idan aka saita na'urar a nanomita 370 kaɗai, hoton zai fito tsaf da tsauni guda, a ce an samu tsarki. Amma furotokatekuwik da ƙananan fenol irinsa ba sa shan haske a nan, suna sha ne a wajen 260 da 294. Dole a duba a 260 ma, a kuma ƙafar da kaso a auna nauyin busasshen abin, a gwada da nauyin kwasetin da na'ura ta nuna. Giɓin da ke tsakani datti ne da fitilar ba ta gani.

Yaudara ta biyu ta fi wannan dabara. Miligiram 200 na polima an gina shi ne a kan kusan miligiram 6.9 na kwasetin. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage bayan wanki, maikrogiram 69 ke nan a kwance, kuma yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka canza ruwa polimar ta kumbura. Ga mai ɗora rabin miligiram wannan ba wani abu ba ne. Ga mai auna maikrogiram kaɗan, shi ne ke sa a ga an dawo da fiye da abin da aka zuba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a bi duk matakai da asitonaitiril zalla, a auna abin da ya fito. Idan tsattsafin ya ƙi tsayawa, a gina polimar da wani ɗan dangi mai kama da kwasetin wanda HPLC ke iya raba su, kamar morin ko lutiyolin, ta yadda abin da ya tsattsafo ba zai shiga lissafi ba. Zaɓin gurbin zai ɗan ragu, amma lambar za ta zama ta gaskiya.

Ta uku tana cikin ma'aunin kansa. An saba raba abin da mai gurbi ta kama da abin da marar gurbi ta kama, idan amsar ta haura ɗaya a ce gurbi ya samu. Wannan ya dogara ne da cewa polimomin biyu iri ɗaya ne in ban da gurbi. Da kwasetin ba haka ba ne, tunda ya rage saurin daskarewar ɗaya, kuma saurin daskarewa yana canza girman ramuka da faɗin fili. Polimar da filinta ya ninka na ɗayar za ta kama ninki ba tare da gurbi ko ɗaya ba. Saboda haka a auna faɗin filin kowacce da shaƙar naitirojin, a raba abin da aka kama da faɗin fili, ba da nauyi kaɗai ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce gasa: a cakuɗa kwasetin, kamferol, mai sukari ɗaya da furotokatekuwik daidai wa daida a ɗora. Idan mai gurbi ta fifita kwasetin fiye da yadda marar gurbi ta fifita shi, to siffa tana aiki.

Abin da za a sa rai daga wannan gasa shi ne masu sukari su fita da wuri, domin gulukos ya hana su shiga. Kamferol kuwa ya fi kwasetin ƙanƙanta, yana shiga gurbin ya zauna da hannu ɗaya a sake, isoramnetin ma yana samun wuri. Polimar tana gane dangi ne fiye da mutum ɗaya. Mai son kwasetin da babu kamferol a ciki sam, sai ya ƙara da HPLC na tarawa.

Hukunci a kan giram 100

A ƙaddara awo ya nuna miligiram 10 na kwasetin a kowane giram na garin. Giram ɗaya ke nan ake nema. Giram 4 na polima, a miligiram 4 kowanne, suna riƙe miligiram 16 a zagaye ɗaya, ko da an cika su maƙil. Zagaye sittin da 'yan kai ke nan. Ƙaramin bututu yana shan mililita 25 na ruwan narkarwa a zagaye, giram 4 sun ninka shi sau 20, rabin lita ke nan, sau sittin lita 30. Lita 30 na asitonaitiril da metanol don giram ɗaya, bayan an kashe kusan sulusin giram na kwasetin tsantsa wajen gina polimar.

A wannan sikeli polimar dunƙule ba ita ce kayan aikin farko ba. Resin mai manyan ramuka irin su XAD-7 ko AB-8, ko foliyamid, suna ɗaukar filabonoyid da yawa fiye da haka, da etanol da ruwa kawai, kuma kwasetin yana yin ƙanƙara mai kyau, wato yana fitowa a daskare kamar gishiri, daga etanol mai ruwa idan aka bar shi ya huce a hankali. Waɗannan biyun su ɗauki nauyin giram ɗin. Polima mai gurbi tana da wuri biyu a wannan aiki: tsabtace ƙaramin kaso kafin awo, inda take cire tarkacen da ke rufe tsaunin kwasetin, da kuma tsince ragowar kwasetin daga ruwan da ya rage bayan ƙanƙara, inda yake kaɗan a cikin datti mai yawa. A irin wannan wuri ne zaɓi ya fi yawan ɗauka daraja.

Idan har ana son a ɗaga yawan abin da take ɗauka, gyaran yana wajen siffar kayan ne. Haɗawa a ruwan narkarwa mai yawa, monoma kashi 2 zuwa 4 kawai, yana ba da ƙananan ƙwallaye da ba sa buƙatar niƙa, asarar rabi ta kau. Shimfiɗa siririyar polima a bangon silika mai tsararrun ramuka, irin SBA-15 da aka fitar a 1998, yana kawo gurabe kusa da fili, samfuri ya fi wankuwa, shiga da fita su yi sauri, muddin shimfiɗar ba ta yi kaurin toshe ramukan ba. Ɗora ta a kan ƙwayoyin magnetait yana ba da damar zuba ta kai tsaye cikin ruwa mai gurɓi a janye da maganaɗisu. Duk waɗannan suna gyara hanyar isa ga gurbi, amma ba sa ɗaga rufin ɗakin da rabon samfuri da monoma ya kafa, kuma silika ko magnetait ɗin nauyi ne da ba shi da gurbi.

Idan kwasetin ɗin zai shiga magani ko abinci, akwai awon da ba a tsallakewa. 4-VP guba ce, kuma AIBN yana barin tetirametilsaksinonaitiril, shi ma guba, don haka a nemi ragowarsu a kason ƙarshe, musamman a zagayen farko na sabuwar polima. Ƙa'idar ICH, majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magunguna, ta ragowar ruwan narkarwa a magunguna ta tsayar da asitonaitiril a kashi 410 cikin miliyan, metanol a 3000, etanol da asiton da etil asitet kuwa a 5000. Shi ya sa ya kamata matakin ƙarshe ya zama sake narkar da kwasetin a etanol mai ruwa, a bari ya yi ƙanƙara, a busar da shi a tanda mai zuƙe iska, a zuba a kwalba mai duhu a toshe.